Rasuwar Hular Kaftin

Da zuciya cike fal da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar hulata ta aiki, wadda ta cika a sararin sama, a ɗakin matuƙa, a hannuna.

Marigayiya ta kasance mai kwarjini. Saboda ita masu gadin filin jirgi ke ƙamewa, saboda ita surukata ta daina ce mini direba. Ba ta taɓa tuƙa jirgi ba. Da an rufe ƙofa nake rataye ta a bayan kujera, amma a gidanmu an fi yarda da ita a kaina.

Ajalinta ya zo ne ta gilashin gaba. Akwai wayoyin da ke ɗumama shi don kada ƙanƙara ta rufe mana gani. Ashe wani ɗan noti a mahaɗarsu ya yi sako-sako. Muna tsakiyar tafiya, jirgi cike da mutane, sai ƙaurin roba, sai tartsatsi, sai ga harshen wuta daidai goshina.

Ni da nake koya wa sababbin matuƙa natsuwa, ban san lokacin da na fizgo marigayiya na hau dukan wutar da ita ba. Fat! Fat! Sautinta na ƙarshe ke nan. Wutar kuwa ta ji daɗin fifitar.

"Kaftin, sa takunkumin iska, ka riƙe jirgi," in ji mataimakiyata, ba ta ko ɗaga murya ba.

Na bi umarni. Ta kashe lantarkin gilashin, ta ɗauko tukunyar kashe gobara ta fesa. Gilashin ya tsage kamar yanar gizo, amma ya riƙe. Muka sauka a fili mafi kusa, kowa ya fita da ƙafarsa, har da wata mai goyo da ta riƙa sa mini albarka. Na karɓa, ban yi mata gyara ba.

Marigayiya ta bar riga, da wando, da igiyoyin kafaɗa, da wani sanƙo da ta daɗe tana rufa wa asiri. Ma'aikatan jirgi sun gan shi a karon farko ranar. Ɗaya daga cikinsu ta wuce ni tana tambayar ina Kaftin.

Gawa na hannun masu bincike, cikin leda, kusa da notin da ya yi ajalinta. Sun ce sai an duba irinsa a sauran jiragen kamfani za a sake ta. Daga nan za a yi jana'iza a bayan gida, gindin lemo, idan uwargida ba ta riga mu da kwandon shara ba.

Ana karɓar gaisuwa a falo bayan la'asar. Mataimakiyata za ta zo. Ana roƙon jama'a kada su tambaye ta yadda abin ya faru a gaban 'ya'yana.