Kocin da Na Kora Saboda Giɓi

Ni na cusa kaina cikin kwamitin ɗaukar koci na ƙungiyar hokin ƙanƙara ta 'ya'yanmu a unguwarmu ta Parkchester, don na sha cika baki cewa kallo ɗaya nake yi wa mutum in san halinsa. Wani mai neman aikin yana murmushi na hango giɓi, haƙora uku babu. Na ce ɗan daba ne. Na dage, har da buga tebur, aka sallame shi.

A gida 'yata Hanifa ta dafe kai. "Baba, ƙwallon wasan ce ta zubar masa da su!"

Abokan hamayyarmu suka ɗauke shi, yaransa suka lallasa namu. Har yau in sabon koci ya zo, sai iyaye su ce, "Alhaji, ga ragon layya, zo ka duba haƙoransa."