Wals ɗin Ilyasu da Org ɗin Ammu Sabri

Ba zan taɓa mantawa da bikin Ilyasu ba ko da na so, don har yau bidiyon yana yawo a wayoyin mutane.

Ilyasu abokina ne, ɗan Maraɗi mai sarin kaya a kasuwar Ataba, a nan babban birnin Masar. Amaryarsa Nusaiba Bahaushiyar Sudan ce daga unguwar Hayyin Ashir, ita ta kafe sai sun buɗe taro da rawar wals, wadda ango da amarya ke juyawa a hankali ana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ni kuma lokacin watana bakwai ina koyon fiyano wurin wata dattijuwa, Madam Nadiya, kaina ya riga ya kumbura. Ban jira an roƙe ni ba na ce ni zan tsara musu kiɗan, sabo fil.

Da na kai wa Madam abin da na rubuta, ta ce akod ɗina sun yi yawa (akod shi ne sautuka uku ko huɗu da ake dannawa tare). "Ya ibni, ɗana, wals ba ya son nauyi. Hannun hagu ya buga tushe, ya bi da biyu marasa ƙarfi, khalas, shi ke nan. Akod ɗin Do da Fa da Sol sun ishe ka." Na ce tamam, wato na yarda, na fita na yi abin da raina ke so. Akwai wani akod da ke tayar min da tsikar jiki, mai sautukan Do, Mi, Sol da Si a haɗe. Shi na sa a farko, na sa a tsakiya, na kuma rufe da shi.

Ilyasu kuwa sati uku yana atisaye a falonmu na unguwar Faisal, rungume da matashin kai, yana ƙirge da Faransanci. Tsoronsa ɗaya, kada ya ji kunya gaban dangin amarya, waɗanda dama kallon ɗan ƙauye suke masa. Kullum sai ya ce, "Mutumina, mutuncina yana hannunka fa." Ni kuma in daki ƙirji.

Ranar biki, wani tsohon makaɗi Bamisire, Ammu Sabri, shi ya yi kiɗan shigowar amarya da org ɗinsa, wato fiyanon lantarki. Da ya tashi zai ba ni wuri, ya nuna min wasu ƙananan maɓallai, biyu a ciki na haska ja. "Ya ustaz, bari in nuna maka wani abu a nan." Na ce, "Shukran Ammu, na san aikina." Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya koma gefe.

Aka yi tsit. Ilyasu ya riƙe hannun amarya. Na danna akod ɗina.

Wallahi kamar an take wa mage wutsiya. Ashe org na Masar yana da maɓallan da ke sassauta sauti ɗan kaɗan, ya kauce daga yadda aka saba jin sa, don kiɗan Larabawa, kuma Ammu ya sassauta Mi da Si. Su biyun kuwa suna cikin akod ɗin da nake taƙama da shi. Ni ban san wannan ba, na dai ji gumi ya keto min. Na gudu zuwa akod ɗin Sol, can ma Si na jirana. Na dawo Do, Mi ta yi min ihu. Garin neman mafita ƙirgen ya kuɓuce min, uku ta koma huɗu, Ilyasu ya taka rigar amarya har ta yi tangal-tangal. Na hango uwar amarya ta dafe ƙirji, Ilyasu kuma ya waiwayo yana min wani kallo da har yau ba na son tunawa.

Na ɗage hannu, na ce da Larabci (na manta makirfo na gaban bakina), "Wannan org ɗin ya lalace!"

Ammu Sabri ya taso a hankali, ya sa yatsa ɗaya ya kashe jajayen fitilun nan biyu. Sannan ya danna akod ɗina, ya fito zaƙwai kamar zuma. Ya ja min kujera ya ce, "Itfaddal, ya maestro," wato bismilla, gwanin makaɗa.

Dariyar da aka yi ta fi ƙarfin lasifika. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zauna, duk akod ɗin burgewar nan sun gudu daga kaina, ba abin da ya rage sai Do, Fa, Sol na Madam Nadiya. Su na yi ta maimaitawa. Ilyasu ya juya amaryarsa lafiya lau, mata suka rangaɗa guɗa, daga baya ma surukar ta ce ango ya burge ta da bai saki hannun 'yarta ba.

Ilyasu ya yafe min, amma sunan maestro ya bi ni har Faisal, mai kantin ƙasan gidanmu ma da shi yake kirana. Yanzu ko butar shayi aka ara min, sai na tambayi mai ita ko akwai abin da zai nuna min.