Bar Shi Ya Sha

Wani ne a Iskandariyya ta Masar, shekara talatin yana buga hatimi a ofis. Ranar da ya ajiye aiki sai ya ce shi fa teku ke kiransa. Mutumin da ko motar haya ya shiga sai ya nemi ledar amai.

Ya gangara unguwar Anfushi wurin masu sassaƙar jirage. Can bayan tarin katako ya hango wani tsohon jirgi a kan gumagumai, gaba tsini baya tsini, kyanwa har ta haihu a ciki. Ya kira mai wurin, Usta Shahata.

"Usta, wannan fa?"

"Kai Basha, ranka ya daɗe, kana da ido! Jirgin ceto ne, tun zamanin Turawa. Katako zalla, ƙusoshinsa na tagulla. Ya girmi babanka."

"Amma ina hango rana ta tsakanin katakon."

"Ƙishirwa ce kawai. Katako in ya daɗe a tudu tsukewa yake yi. Ka sa shi a ruwa ya sha ya kumbura, ko allura ba za ta wuce ba."

Usta na nufin a ɗaure shi mako guda cikin ruwa a bakin gaɓa. Mutumin bai tsaya jin ƙarshen magana ba, ya ce ya saya.

Ya koma gida da hular matuƙa a kai. Matarsa Ni'imat tana gyaran wake, ta dube shi sama da ƙasa.

"Me kuma ka kwaso mana?"

"Jirgin ceto. Daga yau Rayyis, wato sarkin jirgi, za ki riƙa ce mini."

"Wa za ka ceta? Kai da in ɓera ya gifta ni kake turawa gaba?"

Washegari da sassafe aka tura masa jirgi cikin ruwa. Inji ya yi tari uku kamar tsohon mashayin shisha, ya kama. Bai yi nisa ba sai ya hango wani sanƙo yana nutsewa yana tasowa. Ashe Am Girgis ne, dattijon da ya shekara arba'in yana iyo a wurin kullum safiya.

"Kada ka tsorata, bawan Allah! Ceto ya iso!"

"Lafiyata ƙalau. Matsa da akwatin gawar nan!"

"Haka duk kuke cewa in ruɗewa ta zo."

Ya zura doguwar sanda mai ƙugiya. Dattijo ya kauce, ya bi shi. Dattijo ya nutse, shi kuma ya laluba. Can ƙugiya ta kama wani abu, ya yi kabbara ya fizgo da ƙarfinsa duka. Wando kaɗai aka ceto. Am Girgis bai iya fitowa ba sai da rana ta take, kuma bai bar kakan mutumin ko ɗaya bai zaga ba.

Shi kuwa gogan ya ɗauki wannan a matsayin nasara. Ya sa aka jawo jirgi tudu, ya shafe mako biyu yana masa fenti cikin ranar bazara, har katakon ya ƙara bushewa ƙayau.

Ana haka sai ga baƙi daga garin Tanta: Hajji Mursi mai sayar da yadi, da uwargidansa, da ɗansu Rizik mai neman 'yar gidan. Ni'imat ta ce a karɓe su a falo kamar mutane. Ya ce ina, ai sai sun san gidan wa suka zo neman aure.

Su shida suka hau, da tiren kayan zaƙin da ake kira kunafa, da butar shayi. Hajji bai taɓa hawa ruwan da ya fi na kwatami ba, ya ƙanƙame benci yana murmushin dole.

Sun ɗan wuce ganuwar tashar jirage, Hajji ya ce, "Rayyis, takalmina na iyo."

"Sha yake, Hajji. Ƙishirwa ce."

"Wa ke sha?"

"Jirgin."

Ruwa ya kawo ƙwauri. Rizik ya zazzage butar shayi ya fara kwarfa.

"Ajiye! Tun ba ka shiga gidana ba za ka fara cire wa tsoho abu a baki? Bar shi ya sha!"

"Baba, ai ya ƙoshi," in ji 'yarsa, tana tsaye a kan benci.

"Ke kika san cikinsa?"

Ruwa ya kawo gwiwa. Inji ya yi atishawa ya mutu. Tiren kunafa ya tashi da kansa ya bi ta gaban baƙi, ba wanda ya miƙa hannu. Uwargidan Hajji ta fasa ihu, Hajji ya kama kalmar shahada ba ƙaƙƙautawa.

"Haba Hajji, kada ka ba ni kunya! Kana cikin jirgin ceto kana wannan, na waje su yi yaya?"

Allah ya kawo wasu masunta suna dawowa. Suka tsamo matan, suka tsamo Rizik, suka taru uku suka jawo Hajji. Saura shi, ruwa a ƙirji, hula a kai, yana riƙe da abin tuƙi.

"Miƙo hannu, Basha!"

"Ni? Kun san irin jirgin da kuke magana da shi? Ku ne za ku hawo nan!"

Suka damƙi wuyan rigarsa suka wurga shi kan tarin kifin sardin. Jirgi ya yi gyatsa ɗaya, ya tafi ƙasa.

A bakin gaɓa jama'a sun cika. Hajji Mursi yana kwance yana aman ruwan gishiri, yana rantsuwa cewa ko a kwano aka ba shi teku ba zai sake kallo ba. Ni'imat ta cire takalmin da ya rage mata, ta nufo mijin.

"Jirgin ceto! Jirgin ceto! Ka cika mana kunne! To faɗa mini a gaban mutane, wa ya ceta?"

Ya matse hularsa, ya mayar a kai.

"Mutum shida aka ceta yau, ke ma kina ciki. Ba don shi ba, wa za a ceta?"