Taraktar Baba da Fentin da Na Zaɓa

Da na tashi gyara tsohuwar taraktar lambun marigayi Babanmu, mai fentin unguwarmu a Gwale ya ce, "Alhaji, mu ɗaga kujerar. Asalin launin yana inda rana ba ta taɓa ba."

Na ce, "Malam, a kanta na girma. Idona ya isa."

Ni na tsaya aka haɗa fentin, ina ba da umarni kamar injiniya. Aka shafa wa taraktar, ta bushe, ta fito ruwan hoda.

Hajiyarmu ta riƙe haɓa. "Ta mahaifinku dai ja ce wur. Wannan ta wace amarya ce?"

Allah ya saka wa mai fentin, ya kankare ya sake. Ƙannena kuwa, har yau in na yi sallama sai su amsa, "Maraba da Yaya Ruwan Hoda."