Yatsa Biyu a Wuyan Hannu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na san ma'anar sunana ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ina koyarwa a wata makarantar kurame a Gusau, kullum daga Bungudu nake zuwa in koma. Da aka turo ni, abin da na sani na maganar hannu bai wuce "sannu" da "zauna" ba, sauran a bakin aiki na tsinta. Aikin kuwa akwai gajiya. Tsawa ba ta da amfani, sai dai ka buga ƙafa a ƙasa, ko ka yi ta kaɗa hannu kamar mai tsayar da mota. Ka juya ka yi rubutu a allo, kafin ka waiwayo an yi hira an gama, kai ko tari ba ka ji ba. Aji cike, daga ƙananan yara har mai tsiron gemu, kowa da irin alamun da ya zo da su daga gidansu. Kafin azahar kafaɗuna sun yi tsami.

Al'adar yaran ce su raɗa wa kowane malami suna da hannu. Nawa shi ne a ɗora yatsa biyu a wuyan hannun hagu, inda ake ɗaura agogo. Ni kuwa na fassara wa kaina: Malam mai kiyaye lokaci. (Ban tambayi kowa ba. An yabe ni, me zai kai ni bincike?) Har matata na koya wa.

Rannan Malam Isa, wani manomi daga Kucheri, ya zo ɗaukar ɗansa Bello, ɗan ajina, ya ce tafiyar ke nan ba dawowa. Hanya ba lafiya, gona na son hannu, shi kuma bai ga abin da yaron ke ƙaruwa da shi ba. Bello na tsaye rungume da ƙunshin kayansa, idanu jajur. Shugabar makaranta ta ce in lallashi uban, ta haɗa ni da Malama Rifkatu, wadda ta fi mu duka iya maganar hannu, don ta yi tafinta.

Na gyara tsayuwa na ce, "Malam Isa, ɗanka yana hannun mutanen kirki. Dubi ma sunan da yaran suka ba ni." Na ɗora yatsa biyu a wuyan hannu. "Mai kiyaye lokaci ke nan." Sai na yi wa Bello alama ya bayyana wa babansa dalili. (Na ga Malama Rifkatu ta koma kallon rufin ɗaki, amma ban ɗauki haske ba.)

Bello ya ajiye ƙunshi ya share ido. Ya tsaya irin tsayuwata, har da ɗan turo ciki. Ya dubi wuyan hannunsa, ya dubi ƙofa. Ya yi kamar yana rubutu a allo, ya sake duban hannu, ya saki doguwar hamma. Sannan ya yi kamar ya suri jaka, ya nufi ƙofa da sauri har da tuntuɓe. Yaran da ke leƙe ta taga suka kwashe da dariya.

Abin bai buƙaci tafinta ba, amma Malam Isa ya ce, "Malama, mi yac ce?"

Ta yi gyaran murya. "Ya ce sunan na nufin wanda ya ƙosa a tashi."

"Ke dama kin sani?" na tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Kowa ya sani, Malam. Har mai gadi."

Kunya ta rufe ni. Abin haushin, ba ƙarya suka yi mini ba. Da rana ta karkata hankalina na tasha, kada in rasa motar Bungudu yamma ta yi mini a hanya. Na ɗauka ba wanda ya lura, ina gaban mutanen da ido ne kunnensu. A raina na ce shi ke nan, na jawo wa yaro komawa gida.

Malam Isa bai yi dariya ba. Ɗansa yake kallo, wanda tuni ya koma hira da na taga, hannuwa na tashi. Can ya ce, "Tun da munka haifi yaron ga ban taɓa ganin ya yi ma wani ba'a ba. Gida shina zaune awa baƙo, ba shi da abokin tsegumi. In nan yana da waɗanda za su taru su yi da mutum, a bar shi nan." Ya juyo gare ni. "Kai ko Malam, Allah shi ba ka haƙuri. Tai ka kama motarka."

Bello dai ya zauna. Ni kuma na koyi cewa in kurma ya sa maka suna, ka tambayi ma'anarsa kafin ka koya wa matarka. Washegari na bar agogona a gida. Kafin mako ya zagayo sunan ya sami ƙari: yatsa biyu a wuyan hannu, sannan a zura hannu a aljihu a leƙa waya.