Ranar da Na Kashe Alhaji Bawa

Kwamfuta biyu ne a shagona na buga takardu a unguwar Nima, kibod da maus kuwa ɗaya. Sai na je Zongo Lane neman 'yar na'urar da ake latsawa a koma daga wannan kwamfuta zuwa waccan.

Mai shagon ya ce, "Malam, ɗauki mai fitila, za ta nuna maka inda kake."

Na ce, "Ni da nake karanta ajami babu wasali, fitila ce za ta nuna mini hanya?" Na ɗauki marar fitila, Allah ya yafe mini.

Wata Alhamis, katin auren 'yar Alhaji Bawa yana kan ɗaya, sanarwar jana'izar da ladan ya kawo tana kan ɗayar. Ni kuwa yatsuna nake kallo in ina rubutu. Na manta ban latsa na'urar ba, sunan Alhaji ya faɗa cikin sanarwar, na buga, na miƙa wa ladan ban duba ba.

Bayan la'asar aka sanar a lasifika. Mahaifiyar Alhaji ta suma. Mata suka taru ƙofar gidansa a Maamobi suna kuka, shi da kansa ya fito ya tarbe su.

Har yau in na shiga masallaci, sai ya matsa mini a sahu, ya ce, "Malam, mamacinka na gaishe ka."