Ni da Saniyar Kalgo

Na ga gonakin madara a Sudan da Holan. A can ana zuba wa shanu wani farin gari, dangin kanwa, a cikin dusa, don ya kwantar da tsamin ciki, nono ya ƙaru. Da na sayo saniya mai shayarwa a Kalgo, na ce wa matata kada ta sayi nonon furar sunan jikanmu.

Na kai maraƙinta gidan ƙanena a Kambaza, yadda na ga Turawa suna raba uwa da ɗa. Na buɗe buhun garin da na taho da shi, na auna mata da cokali. Da safe na tatsa, ko kofin shayi bai cika ba. Na ƙara cokali. Na juya buhun, na karanta Faransancin, na karanta Larabcin. Saniya sai kuka take.

Ana jibi suna, Hajo mai tallan nono ta leƙo.

"Alhaji, ina ɗanta?"

"Yana Kambaza. Me ya kawo maganarsa?"

Ta sauke ƙwarya don ta ji daɗin dariya. "Shanunmu ba sa sakin nono sai ɗan ya fara tsotsa!"

A wurinta muka sayi nonon.

Har yau a Gwandu, da na ce "A ƙasar waje," sai wani ya katse ni: "Alhaji, ina ɗanta?"